Sa Hannun da Ke Ɗingishi

Ranar da aka gane an cire sunan Najiba daga makarantar koyon jinya, akwatinta na nan a ɗaure a bakin ƙofa. Matan unguwar Barade sun riga sun kawo gudummawa, wata yaji, wata sabulu, wata ƙuli-ƙuli. Waya kawai ta buga can Filato, inda makarantar take, don ta ji ranar da za a fara karɓar sababbin ɗalibai, sai matar da ta ɗauka ta ce ai ita da kanta ta rubuto ta fasa, har an ba wa wata gurbinta. Najiba ta ce ba ta rubuta komai ba. Matar ba ta ja da ita ba, ta turo mata takardar ta waya. Ga sunanta, ga lambarta, ga sa hannunta a ƙasa.

Kafin la'asar unguwa ta gama yanke hukunci cewa Elias ne.

Elias shi ne mai shagon kwamfuta na bakin titi. Shi ya kawo wa mutanen unguwar wata manhaja ta kyauta wadda ake buɗe takarda da ita a waya, a cike, a gyara, a sa hannu, a mayar wa masu ita. Kafin zuwanta, in aka turo wa mutum takarda daga nesa sai ya buga ta, ya sa hannu da biro, a sake ɗaukar hotonta, wani lokaci ma sai ya hau mota ya kai da kansa. Elias yana saka wa kowa ita a waya ba ya karɓar komai, har mata masu sana'a a cikin gida sun iya. To, a shagonsa Najiba ta cike takardunta, kuma shi ya buɗe mata imel, ya san lambar sirrinta. Sai aka ce ya sayar da gurbin. Wasu suka ce wa wata 'yar cocinsu ya ba. Samari suka fasa masa gilashin taga, Baffa Abdulmuttalib kuwa, wanda shi ne ya ba shi hayar shagon kuma wan mahaifin Najiba marigayi, ya sa kwado ya kulle ƙofar, ya ce bayan sallar Juma'a Elias ya zo ya kwashe tarkacensa.

*

Mai unguwa ya aika aka kira Ɗanjuma. Ɗanjuma mai bin sawu ne, tsohon mafarauci, yanzu yana cikin 'yan banga. In akuya ta ɓace ko aka kora saniya, shi ake kira ya duƙa ya duba ƙasa. Da ya ji bayani sai ya ce shi ƙafa yake bi, wannan abin kuwa ba shi da ƙafa. Mai unguwa ya ce ya sani, amma shi kaɗai ne ɓangarorin biyu za su yarda da maganarsa, kuma matar Elias tana da tsohon ciki, shagon nan ne cinsu da shansu. Ɗanjuma bai so ba, amma ya karɓa.

Ya sami Elias a gidansa, zaune a kan benci da kwamfutarsa ta hannu da ya samu ya tsira da ita. Matarsa Rejoice ta kawo ruwa ta ajiye ba ta gaishe shi ba, shi ma bai ga laifinta ba.

"Baba Ɗanjuma," in ji Elias, "yarinyan nan ni na taimake shi ya samu makarantan. Ranan da sunanshi ya fito, ni na fara tsalle kafin shi. Yanzu ni ne ɓarawo?"

Ɗanjuma ya ce bai zo da hukunci ba, koyo ya zo yi, a nuna masa yadda abin ke tafiya. Elias ya nuna masa a hankali. Hanya biyu ce, in ji shi. A shago, mutum yana sa hannu da biro a farar takarda, ya ɗauki hoton, ya ɗora a inda ake so, in an gama ya goge, don shi ba ya ajiye sa hannun kowa. A waya kuwa da yatsa ake zanawa a kan gilashi, manhajar sai ta tambaya ko ta adana. Yawancin mutane suna cewa ta adana don kada su sake wahala. Daga nan duk takardar da aka buɗe a wayar, dannawa ɗaya, sa hannun ya sauka.

"Ko mai shi ba ya nan?" in ji Ɗanjuma.

Elias ya ce ko mai shi yana barci. Ya ce yana gaya wa mutane su sa wa wayarsu makulli, amma a nan waya ɗaya gida guda ke amfani da ita, wa zai kulle wa uwarsa waya.

Ɗanjuma ya nemi a buga masa takardu biyu, wadda Najiba ta karɓi gurbi da ita a shago, da wadda aka fasa da ita. Wani abokin sana'ar Elias ya buga musu. Ya ninke su ya sa a aljihu, duk da karatun bokonsa bai kai ya karanta su ba.

*

Akwai wanda ake raɗe-raɗin sunansa a ɓoye, wato Auwal tela, mai neman Najiba. An ji shi a majalisa yana cewa ba inda za ta, in ta je Filato wani likita zai ɗauke ta. Ɗanjuma ya same shi a kan keke yana ɗinki, abokansa na zaune a benci suna cin gyaɗa.

Da ya kawo zancen, abokan suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce wannan da ko saƙo ba ya iya turawa sai ya kira ƙanensa, shi ne zai shiga imel? Wani ya ce a nuna wa Baba wayar, ai ko ɓarawo in ya sace ta sai ya dawo da ita ya ba da haƙuri. Auwal ya zaro wata ƙaramar waya mai maɓallai, an ɗaure bayanta da roba. Ya amsa cewa ya faɗi maganar, kishi ne ya sa, kuma ya faɗa a gabanta ma ta yi masa dariya. Sannan ya tashi ya ɗaga labule. Fararen riguna biyu na ma'aikatan jinya na rataye, an goge su, an ɗinka sunanta da shuɗin zare a kan aljihu. Ya ce ranar tafiya ya so ya ba ta.

Ɗanjuma ya taɓa bakin rigar da bayan hannu don kada ya ɓata ta, ya yi musu sallama.

Zancen 'yar coci ma bai yi nisa ba. Mai unguwa ya sa aka tambayi makarantar, aka ce wadda ke biye a jeri aka ba, yarinya ce daga wata jiha, ba ta taɓa taka Jalingo ba. Da aka gaya wa Baffa Abdulmuttalib sai ya ce wannan bai wanke kowa ba, mai lambar sirri dai ɗaya ne.

*

Washegari da hantsi Ɗanjuma ya je gidan su Najiba. Ya san gidan tun mahaifinsu na da rai, tare suke zuwa kasuwar dabbobi. Inna Jummai, mahaifiyarsu, ta daɗe a kwance, ɓarin jikinta ya shanye. Fadila, babbar 'yarta, ita ke jinyarta.

Kafin ya yi sallama idonsa ya riga ya sauka ƙasa, don haka ya saba. An yi ruwa da asuba, tsakar gidan ta yi laushi. Sawun mutum biyu ne. Ɗaya na takalmi mai ɗan tudu, daga ɗaki zuwa ɗakin Inna, daga can zuwa ƙofar waje. Ɗayan na silifas ne da dunduniyarsa ta cinye, daga ɗakin Inna zuwa rijiya, zuwa madafa, zuwa igiyar shanya, ya koma ɗakin Inna, ya sake fitowa, har wurin ya yi 'yar hanya kamar ta awaki a gefen dutse. Wannan sawun bai nufi ƙofar waje ba ko sau ɗaya. Ɗanjuma ya gani, ya wuce, bai ɗauke shi a bakin komai ba.

Fadila ta shimfiɗa masa tabarma, ta gaishe shi da ladabi, hannunta duk kumfar wanki. Najiba ta fito idanunta a kumbure. Ta ce ba ta da abokin faɗa, ba ta ba kowa lambar sirrinta ba sai Elias, kuma ita har ga Allah ba ta so ta yarda shi ne, amma ba ta ga wani ba. Suna cikin magana wata waya ta yi ƙara a kan taga. Fadila ta goge hannu a zani ta kashe, ta ce lokacin juya Inna ne, ta kira ƙanwarta. Suka shiga tare. Ta ƙofa Ɗanjuma ya hango su, ɗaya ta kama kafaɗa, ɗaya ta kama ƙugu, Fadila ta ce "ɗaga," suka juya tsohuwar kamar masu juya jariri. Ya lura aikin ba na mutum ɗaya ba ne.

Da zai tafi Fadila ta raka shi iyakar zaure. Ta tambaye shi ko da gaske za a kori Elias. Ya ce haka Baffansu ya rantse. Ta ce Allah ya kyauta, ta koma.

*

Ya zauna a gindin mangwaron ƙofar gidansa ya buɗe takardun biyu a kan gwiwa. Rubutun bai dame shi ba, layin sa hannun yake bi da ido kamar yadda yake bin sawun dabba. Na farko ya tafi sumul, siriri, da jelarsa a ƙarshe. Na biyu ya fi kauri, kuma a tsakiya ya tsinke. Layin ya zo, ya ɓace kaɗan, ya ci gaba. Da ya lanƙwaso ya dawo, a daidai wurin ya sake ɓacewa. Jelar ma haka. In ka haɗa wuraren da ya ɓace, sai su ba ka layi ɗaya a karkace, daga sama zuwa ƙasa.

Dabbar da ke ɗingishi, a ƙafa ɗaya take ɗingishi kullum. Amma wannan ba hannun ne ke ɗingishi ba, tunda ga ɗayan lafiya lau. Akwai dai wani abu a hanyar da yatsan ke tsallakewa.

Ya koma wurin Elias ya nuna masa. Elias ya ɗaga takardar sama ya duba, ya ce wannan ba biro ba ne, yatsa ne, kuma a kan wayar da gilashinta ya tsage, don wata tsagar in yatsa ya bi ta kanta wayar ba ta ji. Ya ce shi ya kalli takardar nan ya fi a ƙirga, sunan kawai yake gani. Sai kuma murnarsa ta koma, ya ce rabin wayoyin Jalingo a fashe suke, har tasa.

Wayar da ta yi ƙara a kan tagar gidan su Najiba ce ta dawo wa Ɗanjuma a rai, da tsagarta a karkace, da hannu mai kumfa da ya kashe ta. Sai sawun silifas ɗin nan ya biyo baya. Ya tambayi Elias ko ya taɓa saka wa Fadila manhajar. Elias ya ce ƙwarai, bara, lokacin da aka kwantar da Inna a asibiti, wayar Najiba ta faɗa ruwa, makaranta kuma na jiran wata takarda, shi ya je har asibitin ya saka musu a wayar Addarta, wato yayarta Fadila, ya buɗe mata imel ɗinta a ciki. Yana faɗa yana jin abin da yake faɗa, har muryarsa ta yi ƙasa.

"Baba, a'a," ya ce. "Ba Fadila ba. Shi ne yake aiko ma matana kunu."

*

Ranar Juma'a da safe Ɗanjuma ya koma gidan shi kaɗai. Ya sami Fadila a bakin rijiya. Bai tuhume ta ba. Ya ce bayan masallaci za a taru a zauren Baffa, kuma zai nemi kowa ya ajiye wayarsa a tabarma. Ya ce in akwai mai magana, gara ya same shi kafin lokacin, ko ya sami Baffa a keɓe, sai a san yadda za a rufa asiri a buɗe wa Elias shago. Fadila ta ci gaba da jan guga. Ta ce ta ji, Baba. Ya tsaya ya ɗan jira. Ta juye ruwan a bokiti ta ɗauka ta shiga ɗakin Inna.

Har aka kira salla yana duban hanya, ba ta zo ba.

*

Zauren ya cika. Baffa Abdulmuttalib na kan kujera da makullin shago a hannu, mai unguwa a gefensa. Elias ya zauna kusa da ƙofa, Auwal na jingine da bango. Najiba da Fadila suna daga ciki, wata maƙwabciya ta zauna da Inna. Samarin da suka fasa taga sun yi cirko-cirko a waje.

Ɗanjuma ya nuna takardun biyu, ya bi layin da tsinken tsintsiya don kowa ya ga inda ya tsinke. Ya ce a kawo wayoyi. Baffa ya ce har da tasa? Ya ce har da taka, Baffa, ai ba a tsallake sawu don na babba ne. Aka ɗan yi dariya. Auwal ya ajiye tasa mai roba, wani daga waje ya ce a ɗauke ta kada ta shafa wa sauran cuta.

Najiba ta zana sa hannunta da yatsa a wayar Elias. Tsagar tasa a kusurwa take, layin ya fita lafiya. Ta zana a ta Baffa, ta zana a tata. Ba inda ya tsinke. Saura ɗaya, kuma ba ta kan tabarma.

"Adda, kawo taki mu gama," in ji Najiba, ba ta ko ɗaga kai ba.

Fadila ta kwance bakin mayafinta ta fito da wayar. Ba ta ajiye a tabarma ba, ta miƙa wa ƙanwarta hannu da hannu. Ta ce ba sai ta zana ba, yana ciki tun na asibiti.

Najiba ta kalli gilashin, ta kalli tsagar, ta kalli yayarta.

Fadila ta yi magana a hankali, idonta a kan tabarma. Ta ce ba ta ƙi ƙanwarta da karatu ba. Ita ma an kira ta kwalejin horon malamai shekarar da Inna ta faɗi, Baffa ya ce ta jira shekara ɗaya, ta jira, ba wanda ya sake tada zancen. Ba ta yi ƙorafi ba, don akwai Najiba, su biyu suna iya ɗaga Inna.

"Da aka fara kawo yaji da sabulu," ta ce, "kowa ya shigo sai ya ce Allah ya kai ki lafiya. Ina tsaye da bokiti. Ba wanda ya ce, Fadila, in ta tafi wa zai kama miki? Na gwada juya Inna ni kaɗai ranar da Najiba ta je ɗinki. Ta suɓuce mini, ta bugu da gado. Ba ta iya cewa komai ba, kallona kawai ta yi. Da na fito na zauna, wayar na hannuna. Abin bai da wuya, Baffa. Da yana da wuya da na sami lokacin yin tunani."

Ta juya wajen Elias ta ce ba ta taɓa zaton za a ce shi ne ba, da aka ce kuma, kullum sai ta ce gobe za ta faɗa.

Baffa Abdulmuttalib ya buɗe baki kamar zai yi faɗa, sai ya rufe. Ya daɗe yana juya makullin a hannu. Daga baya ya miƙa wa mai unguwa, mai unguwa ya miƙa wa Elias. Samarin waje suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Najiba ba ta yi kuka ba. Ta ajiye wayar a tabarma ta ce, "Da kin gaya mini, Adda." Fadila ta ce, "Da na gaya miki da kin zauna, kuma da kin zauna saboda na roƙa." Sai wayar ta yi ƙara a tsakiyar tabarma, lokacin juya Inna ya yi. Su biyun suka tashi.

*

Makarantar ta ce gurbi ya riga ya tafi, sai dai ta sake nema baɗi. Baffa ya sa aka gyara tagar shagon, ya kuma ce matarsa za ta riƙa zuwa tana taya jinya, ta zo na ɗan lokaci ta daina. Elias ya buɗe shago, amma mutane suka daina shiga. Ba don suna zarginsa ba, kunyar haɗa ido da shi suke ji, sai su wuce zuwa wani shagon a unguwar Abbare. Da Rejoice ta haihu ta ce ba za ta goya ɗa a layin da aka jefi mijinta ba. Suka koma unguwar Nukkai. Kafin ya tafi ya bi gidajen da suka yarda ya shiga yana nuna musu yadda ake goge sa hannun da aka adana. Bai shiga gidan su Fadila ba.

Ɗanjuma ya sha tambayar kansa ko akwai wata hanyar da ya kamata ya bi ranar Juma'ar nan, bai samo ba, kuma rashin samun bai sanyaya masa rai ba. Shekara da shekaru yana wucewa ta ƙofar gidan abokinsa marigayi yana jin ƙarar guga, ƙasa kawai ya iya dubawa.

Wata safiya bayan ruwa ya je gaida Inna. Akwatin Najiba na ɗakin, har yanzu a ɗaure, an jera magunguna a kansa. Ya tarar ana juya tsohuwar. Fadila ta ce "ɗaga," Najiba ta ɗaga, ba wadda ta kalli wata.

Da ya fito, idonsa ya sauka ƙasa. A karo na farko ya ga sawun silifas mai cinyayyiyar dunduniya a wajen ƙofa. Ya bi shi a hankali har bakin titi. Sawun ya tsaya a gaban tsohon shagon Elias, ƙafa biyu a jere, sun nutse sosai kamar mai su ta daɗe a tsaye tana kallon kwadon. Daga nan ya juya ya koma gida.